Yadda Mai Keke Zai Kare Kansa a Kan Titi

Tun da aka cire tallafin man fetur a Nijeriya a ƙarshen watan Mayun 2023, kekuna da dama da suka daɗe a jingine a zaure ko a sito sun sake fitowa kan titi. Ma'aikata da ɗalibai da ƙananan 'yan kasuwa waɗanda a da suke hawan babur ko a-daidaita-sahu sun koma taka feda, kuma da yawansu rabonsu da keke tun suna yara. Titin da suka dawo suka tarar ya canza, domin motoci sun ƙaru, gudu ya ƙaru, kuma a mafi yawan garuruwanmu babu wani gefe da aka ware wa mai keke. A rahotonta na 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa kowace shekara a haɗurran hanya, kuma fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur, wato waɗanda babu ƙarfen mota tsakaninsu da kwalta.

Idan aka tayar da maganar tsaron mai keke, hular kwano ce ke fara zuwa wa mutane a rai. Hular tana da muhimmanci, kuma za a zo kanta, sai dai aikinta yana farawa ne bayan mutum ya riga ya faɗi. Abin da ke hana faɗuwar tun farko shi ne keke mai lafiya, da mahayin da ya san inda zai bi a titi, da kuma direbobi su hango shi da sauran lokaci.

Birki

Kowace safiya kafin a fita, a tsaya a gefen keken, a matse birkin gaba sannan a tura keken gaba. Idan birkin yana da kyau, tayar baya za ta ɗaga daga ƙasa. Sai a matse na baya a sake turawa, tayar baya ta ja ƙasa ba tare da ta juya ba. Idan hannun birki ya kai ga taɓa kan keke kafin taya ta tsaya, to ko dai wayar birki ta saki ko robar birki ta cinye, kuma gyaran ba ya wuce ɗaure noti ɗaya ko sauya roba biyu. Yawancin robobin birki suna da 'yan tsagu a fuskarsu, idan tsagun suka shafe robar ta gama aiki. A kuma tabbatar tana kama rim daidai ba ta gogar jikin taya, domin robar da ke cin gefen taya za ta yanka ta wata rana ana tsakiyar tafiya.

Akwai al'adar da ta yaɗu ta cire birkin gaba ko a bar shi a lalace, wai don yana kifar da mutum. Wannan kuskure ne babba. Lokacin da aka kama birki nauyin mahayi yana komawa gaba, saboda haka tayar gaba ce ke yin mafi yawan aikin tsayawa, ta baya kuwa sai ta yi sakayau ta fara jan ƙasa. Maganin kifewa shi ne mutum ya koyi matse birkin duka biyu tare, yana ƙara ƙarfi sannu a hankali, yana ja da ƙugunsa baya a kan sirdi, hannuwansa a miƙe. Sa dunduniyar takalmi a taya, wanda yara da yawa suka dogara da shi, ba ya tsayar da keke a gangara.

Wanda ya sayi keken gwanjo ko ya ari na wani ya fara gwada wane hannu ne ke kama wace taya, saboda kekunan da ake shigowa da su ba tsarinsu ɗaya ba. Na Ingila da Japan galibi birkin gaba yana hannun dama, na Amurka da na yawancin ƙasashen Turai kuwa yana hannun hagu. Tsofaffin kekuna irin su Raleigh da Phoenix, masu birkin sanda da rim na ƙarfe, suna da juriya ƙwarai wajen ɗaukar kaya, amma da damina suna da wani rauni da ya kamata a sani: idan rim ya jiƙe, birki ba ya kamawa sai taya ta yi 'yan juyi roba ta share ruwan. Don haka idan ana ruwa ko an ratsa ta cikin ruwan da ya kwanta a hanya, a riƙa ɗan taɓa birki lokaci zuwa lokaci don ya bushe, kuma a fara rage gudu tun daga nesa.

Taya, sarƙa da noti

Yawan iskar da taya ke buƙata a rubuce yake a gefenta, mafi ƙaranci da mafi yawa. Wanda famfonsa ba shi da ma'auni ya danna tayar da babban yatsa, idan ta lotsa da sauƙi tana buƙatar ƙari. Taya mai ƙarancin iska tana sa keke nauyin tuƙi, kuma idan ta daki bakin rami sai rim ya matse tub ya yi masa huda biyu kusa da juna. Idan za a sha iska a injin mai facin mota a yi hattara, domin tayar keke tana cika cikin 'yan daƙiƙu kuma tana iya fashewa. A hanyoyin karkara da bayan gari tsidau da ƙaya ne manyan masu huda taya, saboda haka bayan kowane faci a zagaya cikin tayar da yatsa a hankali a ciro abin da ya huda ta, in ba haka ba sabon facin ba zai kai gida ba. Tayar da zarenta ya bayyana ko gefenta ya kumbura a sauya ta, kuma idan kuɗin taya ɗaya kawai ake da shi, mai kyawun ta zauna a gaba, domin fashewar tayar gaba ce ta fi kayar da mutum.

Ƙurar hunturu ita ce ta fi cin sarƙa. A wanke ta da kananzir da tsohon burushin goge baki, a bar ta ta bushe, a ɗiga mai kaɗan a kowace gaɓa ana juya feda ta baya, sannan a goge wanda ya yi saura da tsumma. Mutane da yawa suna shafa baƙin man da aka juye daga injin mota saboda kyauta ake samunsa, amma yana ɗauke da garin ƙarfe da datti, kuma yashi yana manne masa ya riƙa cin sarƙar da haƙoran da take bi. Man keken ɗinki ya fi shi, ko da yake ba ya daɗewa. Kada mai ya taɓa rim ko robar birki. A keken da ba shi da giya, sarƙa ta riƙa motsawa sama da ƙasa kamar santimita ɗaya idan an danna ta a tsakiya. Wadda ta saki fiye da haka tana iya zamewa daidai lokacin da mutum ya miƙe tsaye zai tsallaka titi.

Sau ɗaya a mako a ɗaga keken kamar taƙi ɗaya daga ƙasa a sake shi, a saurari abin da ke kwaramniya, a bi shi da sifana. A matse tayar gaba tsakanin gwiwoyi a murɗa kan keken, bai kamata ya juya shi kaɗai ba. A kama birkin gaba a jijjiga keken gaba da baya, idan an ji ƙwas-ƙwas a wuyansa to boris ya saki. A juya kowace taya a kalli tazararta da robar birki, idan tana layi akwai wayar taya da ta saki ko ta karye, kuma wannan aikin mai gyaran keke ne. Ƙarfen sirdi yana da layin da aka zana a jikinsa, wanda bai kamata a ɗaga shi ya wuce ba. Tsayin sirdi daidai shi ne wanda idan an ɗora dunduniya a kan feda tana can ƙasa, ƙafa za ta miƙe sosai.

Inda mai keke zai bi a titi

Tun watan Afrilun 1972 Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama, kamar yadda ake yi a Nijar, kuma wannan doka ta haɗa da mai keke. Masu bin hannun da ba nasu ba sukan ce sun fi son su riƙa ganin motar da ke zuwa. Lissafin bai goyi bayansu ba. Idan mota tana gudun kilomita 50 a awa, keke yana 15, kuma hanyarsu ɗaya, tazarar da ke tsakaninsu tana raguwa ne da gudun kilomita 35, amma idan suna fuskantar juna ta zama 65, wanda ke rage lokacin kaucewa ya kuma ƙara ƙarfin karo. Bayan haka, direban da ke fitowa daga lungu zai shiga titi ta dama hagunsa yake kallo, domin daga can motoci ke zuwa, ba ya tsammanin wani zai ɓullo masa ta ɗaya gefen.

Manne wa bakin titi ma ba shi ne tsira ba, ko da yake tsoro yana tura sabon mahayi can. A bakin titi ne yashi ke taruwa, da fasassun kwalabe, da ramukan kwata da aka sace murfinsu, kuma wanda ya manne a can ba shi da wurin kaucewa sai cikin motoci. Ya fi kyau a bar kamar mita ɗaya tsakanin taya da bakin titi, a riƙe layi ɗaya miƙaƙƙe ba tare da shiga da fita tsakanin motocin da aka ajiye ba, domin direban da ke baya ya iya sanin inda aka dosa. Irin wannan tazara ake bari idan za a wuce motar da ke tsaye, saboda ƙofarta na iya buɗewa ba zato. A garuruwa irin su Kano, inda a-daidaita-sahu ya cika titi musamman bayan hana acaɓa a 2013, mai keke ya ɗauka cewa duk wanda ke gabansa zai iya yankowa dama ya tsaya da zarar wani ya ɗaga hannu a bakin hanya. Ganin mutum a tsaye yana jiran abin hawa ya isa ya sa a ɗora yatsu a kan birki.

Babu abin da ya kai babbar mota haɗari ga mai keke, ko tirela ce ko tifa ko tankar mai. Direbanta yana zaune a hagu, a sama, kuma akwai fili mai faɗi a gefensa na dama da daf da gabansa inda ba ya ganin komai ko da madubi. Idan zai juya dama yakan fara buɗewa hagu, sai wani sarari ya samu tsakaninsa da bakin titi wanda ke jan mai keke ya kutsa. Daga nan motar ta karyo, tayoyinta na baya kuma ba sa bin sawun na gaba, suna yanko kwanar ne ta ciki, daidai inda mai keken yake. Ƙa'idar a nan ba ta da togiya: kada a shiga gefen dama na babbar mota a kusa da mahaɗa ko danja ko shataletale, ko tana tsaye ko tana tafiya. A tsaya a bayanta da tazarar da za a iya hango madubinta, domin wanda ba ya ganin madubin direba, direban ma ba ya ganinsa. Kama bayan mota don ta ja mutum a hawan tudu, wanda samari ke yi, ya kamata iyaye su hana shi da gaske.

Kafin kowace juyawa a waiwaya, a miƙa hannu sosai zuwa gefen da za a bi, a sake waiwayawa, sannan a mayar da hannu kan keke kafin a shiga kwanar. Juyawa hagu a babban titi ita ce ta fi wuya, kuma ba dole ne a ratsa tsakiyar motoci ba: ana iya miƙewa a tsallaka mahaɗar ta gefen dama, a tsaya, a juya keken, a jira hannu ya buɗe sannan a sake tsallakawa. Inda abin ya yi yawa a sauka a tura keken da ƙafa, wannan ba abin kunya ba ne. Kunne kuma a bar shi a buɗe, ba tare da abin sauraron waya ba, domin sau da yawa mai keke yana jin mota kafin ya gan ta.

Tufafi da kaya suna da nasu haɗarin. Babbar riga da jallabiya da dogon hijabi da zani suna iya shiga sarƙa ko wayoyin taya su tsayar da keke nan take, saboda haka a tattare su a ɗaure kafin a hau, a kuma naɗe ƙafar wando ta dama. Kaya su zauna a kariyar baya, a ƙasa-ƙasa, nauyinsu daidai a gefe biyu, a ɗaure da roba tamau. Jarka mai lita 25 idan ta cika da ruwa nauyinta kilo 25 ne, kuma mai ɗauke da biyu ya sani cewa tsayawarsa za ta ɗauki tazara fiye da yadda ya saba. Leda da aka rataya a kan keke tana iya shiga tayar gaba. Idan za a goya yaro, lallai ya kasance da wurin ɗora ƙafa da takalmi rufaffe da abin da zai tare ƙafarsa daga taya, domin dunduniyar yaro da ta shiga wayoyin taya rauni ne mai muni da ke daɗewa bai warke ba.

Da dare kuwa, farar fitila a gaba da ja a baya wajibi ne, tare da abin da ke ƙyalli idan hasken mota ya dake shi, musamman a feda ko a idon sawu, saboda motsin ƙafa yana saurin jan idon direba. Fitilar da ake caji ta fi ta dinamo, wato mai samun wuta daga juyawar taya, wadda ke mutuwa da zarar an tsaya a mahaɗa. A kunna su tun daga magariba, da kuma da rana idan hazon hunturu ya sauko. Da azumi, rabin awar da ke gaban shan ruwa lokaci ne da kowa ke sauri kuma a gajiye, wanda zai iya fita kafin nan ko ya jira ta wuce ya yi hakan.

Koyarwa

Yawancinmu a lungu muka koyi keke, da keken haya ko na wani yaya, ana tura mu a sake mu. Wannan yana koyar da zama a kan keke, amma ba ya koyar da titi. A Birtaniya akwai shirin koyar da yara da ake kira Bikeability, wanda aka fara a 2007, mai matakai uku: na farko a fili inda babu mota, na biyu a titunan unguwa marasa cunkoso, na uku a manyan hanyoyi da mahaɗu masu wuya. A ƙasar Holan kuwa yaran firamare na ajin ƙarshe-ƙarshe suna yin jarrabawar dokokin hanya, kuma a makarantu da yawa har da hawa keke a titi ana duba su. Uba ko malami na iya bin irin wannan jeri a filin makaranta ko filin idi ba tare da kashe ko sisi ba.

Ga yaro mai farawa, a sauke sirdi har tafin ƙafarsa biyu su taka ƙasa, a cire feda, a bar shi ya riƙa tura kansa yana ɗaga ƙafafu har ya iya daidaita jikinsa. Mai cire fedar ya tuna cewa ta hagu a juye take kwancewa, wato ta ɓangaren da agogo ke bi. A koya masa birki kafin a mayar da fedar. Keken ya zama daidai tsayinsa. Yaron da ke zira ƙafa ta ƙarƙashin sandar keken babansa ba zai iya tsayawa da gaggawa ba. Bayan haka sai atisaye uku, waɗanda babban da ya daɗe bai hau ba shi ma yake buƙata. A ja layi a ƙasa, mahayi ya bi shi yana waiwayawa ba tare da ya kauce ba, wani yana tsaye a baya yana ɗaga yatsu, shi kuma yana faɗin nawa ya gani. Sai tuƙi da hannu ɗaya ana nuna alama da ɗayan. Sai tsayawar gaggawa idan an daka masa tsawa. Yaron da bai kai kimanin shekara goma ba bai cika iya auna gudun mota da nisanta ba, don haka kada a sake shi a babban titi shi kaɗai, kuma idan ana raka shi babba ya kasance a baya, ya ɗan matso ta ɓangaren motoci kaɗan, inda zai gan shi ya kuma tare masa motoci.

Hular kwano

A 2016 masu bincike na Jami'ar New South Wales da ke Ostireliya sun tattara sakamakon nazari 40 da ya shafi masu keke fiye da 64,000 da suka yi haɗari, suka gano cewa sa hula yana rage yiwuwar mummunan rauni a ka da kusan kashi 70 cikin 100. Abin da ke yin aikin shi ne soso mai tauri da ke cikinta, wanda ke murƙushewa ya shanye bugun kafin ya kai ga ƙwaƙwalwa. Tana da iyaka: gwajin da ake yi mata a Turai bugu ne na gudun kusan kilomita 20 a awa, wato irin faɗuwar da mutum ke yi daga kan keke, ba karo da mota mai gudu ba.

Wajen saye a duba cikinta a nemi tambarin inganci, wato EN 1078 na Turai ko CPSC na Amurka. Hular ma'aikatan gini ba a yi ta don wannan ba, ta babur kuma tana da nauyi da zafi ga mai taka feda. A auna zagayen kai da tef ɗin tela a saman gira, a nemi wadda lambarta ta dace. Ta gwanjo abin shakka ce, domin ba a san ko ta taɓa shan bugu ba. Idan ita kaɗai ake iya saye, a duba soson a haske, a ɗan buɗa gefenta biyu da hannu, idan tsaga ta bayyana a bar ta.

Hular ta zauna a daidaice ta rufe goshi, tsakaninta da gira kamar faɗin yatsa biyu, ba a ture ta ƙeya ba. Igiyoyin gefe su haɗu daf da ƙasan kunne, ta haɓa kuma a ɗaure ta yadda yatsa ɗaya ko biyu kawai za su shiga. Idan an buɗe baki sosai ya kamata a ji hular ta danno kai. Wadda ba a ɗaure ba takan tashi kafin kai ya isa ƙasa. Kada a ɗora ta a kan hula mai tauri irin zanna ko dara; a sa wannan a jaka har a isa. Ɗankwali ko hijabi marar kauri ba ya hana ta zama. Masu kukan zafi su nemi mai ramukan iska da yawa kuma mai farin launi, sannan kada a bar ta a rana ko kusa da fetur, saboda suna lalata soson. Yara su cire ta idan sun sauka za su yi wasa ko hawa bishiya, domin igiyar na iya sarƙewa ta shaƙe su.

Idan an faɗi kuma kai ya bugu, hular ta gama aikinta ko da ba a ga tsaga a waje ba, sai a sauya ta. Wanda ya suma ko na ɗan lokaci ne, ko yake amai, ko ya rikice, ko barci ke fizgarsa, ko ciwon kansa ke ƙaruwa, ko jini ko ruwa ke fita ta kunne ko hancinsa, a kai shi asibiti nan da nan, kuma a sa masa ido har kwana ɗaya zuwa biyu ko da ya ce ya warware, domin zubar jini a cikin kai kan ɗauki sa'o'i kafin ta nuna. Wanda ke kukan wuya ko baya kada a ɗaga shi a zaunar, kuma wanda ba ya cikin hayyacinsa kada a ɗura masa ruwa a baki. A Nijeriya lambar gaggawa ta Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ita ce 122. Keken ma kada a sake hawansa sai an duba ƙarfen da ke riƙe da tayar gaba: idan ya lanƙwashe ya koma baya, ko fenti ya tsattsage a wuyan keken, sauya ƙarfen za a yi, domin wanda aka miƙar da guduma yana iya karyewa daga baya ana cikin tafiya.